Wayar Birkin Baffa Audu

Kun taso kun tarar ana cewa ni na kashe wa Baffanku Audu sana'a. Har yau akwai masu faɗar haka a Karare, musamman matan da suka zo gidanmu da aure bayan an yi abin, don su sun fi kowa sanin abin da ba su gani ba. Ban taɓa kare kaina ba yana raye, saboda ba yadda zan wanke kaina ban tona abin da ya ce in rufe masa ba. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma idona ya daina ganin ƙananan notoci sai na laluba, shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iya riƙe biro.

Gidanmu gidan wanzamai ne tun kakanmu. Audu ne ɗan fari, shi ya gaji zabirar Baba da askakensa da ƙahonsa. Ni tun ina ƙarami in na ga jini sai jiri ya kwashe ni, har Baba ya gaji da yayyafa mini ruwa ya kawo ni Batsari koyon gyaran babur, ya ce in je can inda ba abin da ke zuba sai baƙin mai. Ku da kuka tashi a gari ba lallai ku san yadda wanzanci yake ba. Ba kamar aikina ba ne, da mutum zai kawo mini babur yau, gobe ya kai wa na kusa da ni. Kowane gida da wanzaminsa, kuma gadon gidan ake yi kamar yadda ake gadon gona. In aka haihu shi ake aika wa goro, shi ke aske jariri ranar suna, shi ke yi wa yara kaciya, shi ake kira in tsoho na son ƙaho. Cikin gidajen da kakanmu ya bari, babu kamar gidan Sarkin Noma na wani ƙauye da ke bayan Babban Duhu, a ƙasar Safana. Gida ne na gandu, 'ya'ya da jikoki rututu, kuma duk wanzamin da suka riƙe shi sauran gidajen wannan yanki ke kira.

Shekarar da nake ba ku labari, da farkon damina, Audu yana huɗa da shanu sai sa ɗaya ya firgita. Igiya ta naɗe shi, garma ta ja shi a ƙasa, ya karye a ƙugu da idon sawun dama. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma Audu bai taka ƙasa da kansa ba sai da aka fara yankan gero. Ya tashi da abu biyu: bayansa ba ya duƙawa, idon sawun nan kuma ya sandare. Yana tsayawa a kan ƙafar, yana tafiya da ɗan ɗingishi, amma ba ta lanƙwasawa ko kaɗan. Duk tsawon kwanciyarsa ba a daina haihuwa ba, don haka gidajensa suka riƙa aron wani wanzami mai suna Tanko. Ba mugun mutum ba ne Tanko, aikinsa yake yi, kuma yana da sabon babur da ƙafafu biyu masu lafiya.

Ranar wata kasuwar Batsari, wajen azahar, ina ƙarƙashin rumfata sai ga Audu a kan tsohon babur ɗinsa. Ban san ma ya koma hawa ba, ashe a ɓoye yake gwadawa bayan gari. Ya tsaya, ya daɗe bai sauko ba, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, leɓensa ya yi fari. Na miƙa hannu in kama shi ya ture. Sai da muka gama gaisawa, ya tambayi mamarku da ku ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Isuhu, kan babur ɗin nan nike so ka ɗaga mani. Bayana bai son duƙo. Daga Karare zuwa nan sau nawa na tsaya, hannuna har mutuwa yake."

"Yaya, mi ya yi zafi? Ka bari jiki ya ƙara ƙwari mana."

"An haihu gidan Sarkin Noma, gobe suna. Sun aiko da goro, sun ce in ina iyawa in zo. In ban iyawa, kada in wahal da kaina, sun gode."

Na gane abin da wannan godiya take nufi, shi ma ya gane. Mutanen sun yi haƙuri, sun yi aro har sun gaji, yanzu so suke su gani da idonsu ko suna da wanzami ko ba su da shi.

Na shiga kasuwa wajen masu tsofaffin kayan babur, na yi sa'a na samu kan wani babban babur, dogo, mai lanƙwasa zuwa baya. Na kwance nasa na ɗora wannan, na mayar da hannun kuloci da totur da makunnin fitila. To, abin da mutane ba sa tunawa in za su canza kan babur shi ne, duk wayoyin da ke jikinsa an yanka su ne daidai tsohon kai. Ka ɗaga kai, ka ja su duka. Wayar kuloci da ta totur na canza musu hanya, na bi da su ta bayan fitila, suka kai har da ɗan saura. Wayar birkin gaba ita ce ba ta da wata hanya, daga hannun dama take sauka kai tsaye zuwa tayar gaba. Da ƙyar na ja ta ta shiga gurbinta, ta miƙe ɗamau kamar igiyar shanya.

Audu ya hau, ya zauna a miƙe, ya kama kan nan, sai na ga fuskarsa ta washe. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ya karye. Ya zagaya tasha a hankali ya dawo, ya matsa birki, babur ya tsaya cak. 'Yan acaba da ke zaune a bencina suka yi ta yi masa barka, wani na cewa yanzu ya koma kamar hakimi. Ni dai hankalina bai kwanta da wayar nan ba. Na ce ya sauko, na kafe babur ɗin a kan ƙarfen tsayuwa na tsakiya, na danna bayansa har tayar gaba ta bar ƙasa, sannan na sa hannu in juya ta. Ta ƙi juyawa, kamar an matsa birki, alhali ba wanda ya taɓa shi.

Bari in yi muku bayani, don nan duk maganar take. In mutum na zaune a kan babur a fili, nauyinsa yana danne shokozoba ta gaba, wato ƙarafan nan masu lotsawa da ke riƙe da taya, tazarar da ke tsakanin kai da taya ta ragu, gajeriyar waya ta samu sarari, komai ya yi kamar lafiya lau. Amma da zarar tayar gaba ta faɗa rami, ko ta yi tsalle a kan dutse, shokozoba za ta miƙe, wayar ta ɗaure, birki ya kama kansa da kansa. Taya ta tsaya, mai babur ya wuce ta sama. In kuma ba ta kama ba, tsinkewa za ta yi. Hanyar da zai bi kuwa ta daji ce, damina ta gama cinye ta, kuma kafin a kai ƙauyen akwai wata doguwar gangara mai duwatsu da ke sauka cikin rafi.

Wani ɗan acaba mai suna Ɗanjuma, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce:

"Oga, mi ye abin damuwa? Cire ta ka yar. Wa ke taɓa birkin gaba a ƙasar nan?"

Gaskiya ya faɗa. A wajenmu, mutum na sayen babur abin da yake fara yi shi ne ya kashe birkin gaba, saboda in ka matsa shi a cikin yashi kayar da kai yake yi. Kowa da birkin ƙafa yake aiki. Ni da hannuna na cire wa mutane wayar nan ba adadi, har ina tara su ina ɗaure rumfa da su. Audu ya ce shi ke nan, a cire. Na dubi ƙafarsa ta dama, wadda ita ce ke taka birkin baya, ban so in tona shi a gaban mutane ba. Na cire wayar, na ce ya zo mu je in gwada wani abu.

Na tura babur ɗin, yana biye da ni, har bayan gari inda akwai wata 'yar gangara da ba kowa. Na sauka ƙasa na ajiye hulata a tsakiyar hanya, na dawo na ce ya hau ba tare da an tayar da inji ba, ya gangara, ya tsaya kafin hular.

"Da dunduniya nike taka shi," in ji shi. "Na saba."

Ya gangara. Ina kallo ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya tun daga ƙugu yana neman ƙarfen birkin, dunduniyar ta zame, ya sake nema, ta sake zamewa. Ya bi ta kan hular ya wuce, bai tsaya ba sai da yashin ƙasan gangarar ya riƙe shi. Na sauka na same shi yana zaune a kan babur, yana kallon tankin mai. Ashe duk gwajin da yake yi a ɓoye da birkin hannu yake tsayawa, bai faɗa wa kowa ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Kada wanda ya ji wannan," ya ce. "Ko Inna. In aka ji ƙafa ta mutu, gobe cewa za a yi hannu ma ya mutu."

"Ba mai ji, Yaya."

"Tau, maida wayar. Sannu zan tafi."

"Ban maida ta. Gajera ce."

Daga nan har muka koma rumfa ba abin da ban kawo masa ba. Na ce in mayar da tsohon kai, ya ce a duƙe ko rabin hanyar ba zai kai ba, kuma na san gaskiya ne, na ga yadda ya iso. Na ce in goya shi a nawa babur ɗin mu je tare, ya ce abin da mutanen ke son gani shi ne ko zai iya zuwa da kansa duk ranar da suka kira shi, wanzamin da aka sauke a ƙofar gida kamar buhun gero ba wanda zai miƙa masa jariri. Na zagaye masu kayan gyara na Batsari kaf, ba mai doguwar waya, don ba mai neman ta. Na buga wa wani abokina bakanike a Safana, ya yi dariya ya ce shi ko gajerar ba ya ajiyewa. Ɗanjuma ya ce a ƙulla biyu a haɗa. Ana yi, ni ma na taɓa yi wa mai birkin ƙafa, amma ƙulli zamewa yake yi ranar da aka matsa shi da ƙarfi, kuma wannan wayar ita kaɗai ce tsakanin wana da duwatsun rafi. A ƙarshe na samu wani mai shago a Katsina ya ce yana da ita, sai dai rana ta riga ta yi sanyi, kuma a shekarun nan ba mai kama doguwar hanya da yamma saboda 'yan fashi. Ya ce zai ba direban farko da safe, ta iso wajen azahar. Aski kuwa da hantsi ake yi.

Audu ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullinsa, zai kai wa wani ya mayar masa da wayar. Na san akwai masu mayar masa, ba tare da sun ɗaga taya sun duba ba. Sai na ɗauki sufana na durƙusa, na kwance tayar gaba gaba ɗaya, na shiga da ita shago na kulle. Ranar kasuwa ce, rumfa cike da mutane, kowa na kallonmu.

"Isuhu, ni kake kwance ma taya gaban jama'a?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Gobe da azahar ka zo ka ɗauka."

Ya saɓa zabirarsa, ya ɗingisa zuwa tasha, ya shiga motar Karare. Abin da mutane suka gani ke nan, ƙane ya kwance wa wansa taya ana gobe zai koma bakin aikinsa, kuma da aka tambaye ni dalili sai na ce waya ce gajera. Waya kuwa, a ganinsu, abar da ake cirewa a yar ce.

Washegari da na idar da sallar asuba na hau babur ɗina na nufi Karare, ko zai sauko ya yarda in goya shi. Na tarar da Inna, mahaifiyarmu, tana tsakar gida tana dama koko. Kun san ba ta taɓa kama sunansa ba saboda ɗan fari ne, kuma ba ta taɓa yarda a ga tana goyon bayansa ba. Ranar dai na ga kunyar ta kusa ƙwace mata.

"Mi ka yi ma wanka? Tun jiya bai sa komi bakinai ba."

"Inna, babur ɗin ne bai gyaru ba."

"Shi ya ce ya gyaru. Kai ka bar sana'ar ubanka, ba wanda ya ce maka don mi. Shi da ya riƙe, ka bar shi ya riƙe mana."

Maganar ta soke ni, amsarta kuma na bakina, amma na yi alkawari. Na je ƙofar ɗakinsa na yi sallama, na ce ga babur a waje, in ya shirya mu tafi. Ya amsa sallamar, ya ce in gaida gida.

Sai na wuce ni kaɗai, da niyyar in roƙi Sarkin Noma a jinkirta askin zuwa la'asar. A gangarar nan ta rafi na sauka da birki biyu, tayar gaba na faɗawa rami tana fita, ni mai lafiya ma sai da na sa ƙafa a ƙasa. Ban ji daɗin cewa gaskiyata ta fito ba, ba abin da na ji sai tsoro. Na isa an riga an raɗa suna an yanka rago. Sarkin Noma, dattijo mai fara'a, ya karɓe ni hannu biyu, ya tambayi Inna, ya tambayi jikin Audu, ya sa aka kawo mini fura. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya shafa gemu, ya ce:

"Ɗan Wanzam, kakanka ya aske ni, ubanka ya aske ɗiyana. Ba mu manta ba. Amma ka ga mata sun taru tun safe, wasu nesa za su koma. Tanko kuma na zaure tun ɗazu, mu muka ce ya zo ko da za a yi haka. In ce mashi ya tashi?"

Ban iya cewa ya tashi ba. Ina zaune a wurin aka fito da jaririn aka miƙa wa Tanko, ya aske shi tsaf, aka ba shi kasonsa na nama da damin gero. Da zan tafi Sarkin Noma ya ba ni goro ya ce in kai wa Audu, in ce ya ci gaba da hutawa.

Wayar ta iso da azahar kamar yadda aka ce. Na mayar da taya, na ɗaga gaban babur ɗin har shokozoba ta miƙe iyakarta, na auna daga hannun birki zuwa taya, na tabbatar akwai saura kamar taƙi guda. Na ɗura mata mai har ya fito ta ɗaya bakin, na bi da ita ta cikin maƙalinta don kada ta goga taya, na daidaita notin ƙasa yadda yatsu biyu za su ishe shi tsayawa, kuma birkin ya riƙa kamawa a hankali don kada ya kayar da shi a yashi. Na juya kai dama da hagu har ƙarshe, na ɗaga na saki, na hau na bi ta duk ramukan bayan tasha. Ban taɓa yin aikin da na natsu a kansa kamar wannan ba, ga shi kuma ya zo bayan an tashi daga suna. Da la'asar na kai masa Karare, aka ce yana barci. Na kafe babur ɗin a zaure na rataye makulli a ƙusa.

A zauren nan babur ɗin ya yini ya kwana har kaka ta wuce, kaji suna hawa kansa. Gidajen yankin Babban Duhu suka bi Sarkin Noma ɗaya bayan ɗaya, na wajen Tsaskiya ma wasu suka bi. Aka bar Audu da askin tsofaffin Karare a gindin bishiya. In na je gaida Inna muka haɗu, zai amsa gaisuwata daidai yadda ake amsa wa baƙo, ba ragi ba ƙari. Magana ta bazu cewa dama ina jin haushin shi ya gaji Baba, wasu har suka ce Tanko ne ya saye ni. Mamarku Rabi ta gaji da jin habaici a gidajen biki, ta tsare ni wata rana.

"Malam, ni na san ba haka kawai ka yi ba. Ka faɗi dalilinka mana, mu huta."

"Waya ce gajera."

"Kullum waya, kullum waya. Allah ya ba ka haƙuri, ni nawa ya kusa ƙarewa."

Ba zan ɓoye muku ba, na sha wuya a wannan lokaci. Mutumin da ya goya ni a bayansa zuwa gona, shi ne zai gan ni ya kau da kai. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani na mayar masa da wayar ba.

Da bazara mamarku ta haifi Bashir. Na sayi goro na aika Karare kamar yadda aka saba, don wanzamin gidana shi ne Audu, ba ni da wani. Ɗan aiken ya dawo ya ce an karɓa, ba a ce komai ba. Dangin mamarku suka ce kada a yi abin kunya, a yi wa wani wanzami na cikin Batsari magana ya zauna kusa. Na ce ba wanda za a yi wa magana. Ranar suna aka raɗa suna, aka yanka rago, aka ci aka sha, maza suka fara watsewa. Hantsi ya yi, ya wuce. Gwaggon mamarku ta aiko yaro ya fi a ƙirga, ƙarshe ta fito da kanta har bakin zaure.

"Isuhu, yaron nan da gashin ciki za ya kwana? Wanzamai sun ƙare a duniya ne?"

"Gwaggo, a ƙara haƙuri. In bai zo yau ba, a jira shi gobe."

Ta koma tana faɗa, ni kuma na zauna a kan tabarma ni kaɗai, ban san abin da zan yi ba in goben ma bai zo ba. Ana gab da kiran azahar na ji ƙarar inji daga bakin lungu. Duk injin da na taɓa buɗewa ina gane muryarsa, tun kafin ya ɓullo na miƙe tsaye. Ga Audu zaune a miƙe, zabira a kafaɗa, babur ɗin duk kashin kaji. Ya gangaro lungunmu, ya sa yatsu biyu a birki, ya tsaya daidai bakin tabarma.

Muka gaisa, ya yi mini barka, ya ce a kawo ruwa da sabulu a fito da yaro. Ya zauna ya miƙe ƙafar nan gefe guda, ya wasa aska a tafin hannunsa, ya karɓi Bashir. Hannun nan ko rawa bai yi ba, yaron ma bai farka ba har aka gama. Gwaggo da ke ta faɗa ita ce ta fara sa albarka. Ya wanke askarsa, ya ci abinci, muka yi sallah, duk bai ce mini komai ba bayan abin da ya shafi aiki. Sai da ya hau babur zai tafi, na rako shi, ya tsaya yana kallon gaban babur ɗin.

"Wayar nan taka ta yi tsawo. Sai kaɗa mani fitila take."

"Haka ake son ta, Yaya."

"Tau, ɗaure ta dai."

Na shiga gida na yanko 'yar robar tsohon tub na taya, na durƙusa a gabansa na ɗaure ta sako-sako a jikin ƙarfe yadda ba za ta rasa sararinta ba. Ina ɗaurewa hawaye na zuba a kan taya, ban ɗago ba sai da suka tsaya. Shi kuma ya yi kamar yana gyara zabira har na gama.

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Gidan Sarkin Noma bai dawo hannun Audu ba har Audun ya rasu, kuma na san abin na cin sa, don in hanya ta bi da shi ta wannan yanki zagayewa yake yi. Ya ci gaba da 'yan gidajen da suka rage masa, yana zuwa da kansa a kan babur ɗin nan shekara da shekaru, duk bayan damina ya kawo mini in canza waya ko ba ta lalace ba. Don haka in aka ce muku na raba Baffanku da gidan da kakanmu ya bar masa, kada ku yi musu, an yi haka. Amma da ajalinsa ya zo, a ɗakinsa ya same shi, a kan shimfiɗarsa, da furfurarsa. Ni na yi masa wanka, kuma ba daga gindin gangara na ɗauko shi ba.